Maharbi da Alƙalami: Tarken Littafin Jim Corbett na Damisoshi Masu Cin Mutane

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tarke a kan wani littafin Turanci da ya daɗe yana yawo a hannun masu karatu na duniya, watau Man-Eaters of Kumaon na Jim Corbett, wanda Kamfanin Ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fara bugawa a ƙasar Indiya cikin 1944. Ma'anar sunan littafin da Hausa ita ce masu cin mutane na ƙasar Kumaon. Mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta ya tambaya, me ya haɗa taron nazarin Hausa da labarin wani Bature maharbi a gindin duwatsun Himalaya? Amsarmu ita ce, Bahaushe ma yana da maharba, yana da daji, yana kuma da labarun karon mutum da manyan namun dawa. Bambancin kawai shi ne wancan maharbi ya riƙi alƙalami bayan ya ajiye bindiga, namu kuwa galibinsu sun tafi lahira da abin da suka sani. Saboda haka littafin ya zama mana madubi, muna duba shi don mu ga abin da marubuci zai iya yi da ilmin daji, mu kuma ga inda ya gaza, domin kada mu ɗauko gazawar tare da gwanintar.

Kafin mu shiga cikin bayani, akwai wata matsala ta suna da ya kamata a warware. Dabbar da Corbett ya fi farauta a wannan littafi babu ita a Afirka, don haka Hausa ba ta keɓe mata suna ba. Dangin damisa ce, amma ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma jikinta ratsi-ratsi ne, alhali tamu roɗi-roɗi gare ta. A cikin wannan takarda za mu riƙa kiran ta damisa mai ratsi, mu kira irin wadda muka sani damisa mai roɗi.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Edward James Corbett a garin Nainital, cikin ƙasar Kumaon a arewacin Indiya, a shekarar 1875. Iyayensa Turawa ne, amma a can ya tashi, ya iya harshen mutanen wurin, ya kuma shiga daji tun yana yaro. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki da hukumar jirgin ƙasa a Mokameh Ghat, a bakin kogin Ganga. Farautar dabbobi masu cin mutane aiki ne da yakan yi in hukuma ko mutanen ƙauye suka roƙe shi. A 1947, shekarar da Indiya ta sami mulkin kai, ya ƙaura zuwa Kenya tare da 'yar'uwarsa Maggie, ya rasu a garin Nyeri cikin 1955. Bayan rasuwarsa aka sa sunansa ga gandun dajin da aka kafa a yankin nasu cikin 1936, kuma a wannan gandu ne gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirinta na kare damisa mai ratsi a 1973.

Asalin littafin wasu 'yan labaru ne da Corbett ya buga da kuɗinsa cikin 1935, kwafi 100 kacal, da sunan Jungle Stories, don rabawa ga abokai. Daga baya aka faɗaɗa su suka zama littafin 1944. Da aka buga shi a Amurka cikin 1946 sai ya sami karɓuwa ƙwarai, aka fassara shi cikin harsuna da dama. Ya biyo shi da wasu littattafan, daga cikinsu akwai na damisa mai roɗi ta Rudraprayag, da My India na 1952, da Jungle Lore na 1953, da The Temple Tiger na 1954. Masu tara tsofaffin littattafai suna neman bugun 1935 da na 1944 ruwa a jallo. Mu dai abin da ya dame mu a nan shi ne abin da ke tsakanin bangon littafin biyu, domin tsadar takarda ba ta ƙara wa labari daɗi.

3.0 Zubi da Tsari

Littafin yana da babi goma, ban da bayanin marubuci da ya zo a farko. Biyar daga cikinsu ne ke ba da labarin masu cin mutane, watau na Champawat, da Chowgarh, da Mohan, da Kanda, da Thak. Sauran biyar ɗin sun ƙunshi labarin karensa Robin, da labarin kamun kifi, da labarun damisoshi biyu da ba su ci mutum ba, watau na Powalgarh da na Pipal Pani, sa'an nan babi na ƙarshe a kan ɗaukar hoton dabbobin a daji.

Mai karatu na farko zai iya ganin kamar waɗannan babi biyar cikon shafi ne. A ganinmu da gangan aka jera su haka. Bayan tashin hankalin Champawat sai a kawo labarin kare, bayan na Mohan sai a kai mai karatu bakin ruwa ya huta. Duk wanda ya saurari gwanin mai tatsuniya ya san wannan dabara, domin ba a ɗora tsoro a kan tsoro har mai sauraro ya saba da shi. Bugu da ƙari, jerin yana nuna sauyin da ya sami marubucin kansa. Ya buɗe da saurayi mai bindiga a 1907, ya rufe da dattijo mai na'urar ɗaukar hoto. Ko da yake kowane babi yana iya tsayawa da ƙafarsa, wannan sauyi ne zaren da ya ɗinke su suka zama littafi guda.

Kowane labarin mai cin mutane kuma yana bin tsari kusan iri ɗaya. Da farko a nuna ƙauyen da tsoro ya kulle, an bar amfanin gona a tsaye, mata sun daina zuwa yankan ciyawa. Sai maharbi ya iso, ya yi tambaya, ya bi sawu, ya yi kuskure ko ya sha da ƙyar. Daga nan sai karon ƙarshe. Abin da ya bambanta Corbett da sauran marubutan farauta shi ne matakin da ke biyo bayan harbi. Ba ya rufe labari sai ya duba gawar dabbar, ya buɗe bakinta, ya lalubi ƙafafunta, ya gano abin da ya sa ta koma cin mutane. A nan ne jigon littafin yake.

4.0 Jigo

Babban jigon littafin shi ne cewa cin mutum ba ɗabi'ar damisa mai ratsi ba ce, lalura ce ke tura ta. Tun a bayaninsa na farko marubucin ya ce rauni ko tsufa ne kan hana ta kamun abincinta na asali, sai ta koma ga ɗan Adam, wanda ba shi da gudu ba shi da ƙaho. Sa'an nan ya yi ta warware wannan jigo babi bayan babi.

Alal misali, damisar Champawat, wadda aka lissafa ta kashe mutum 436 tsakanin Nepal da Kumaon kafin Corbett ya harbe ta a 1907, da aka duba bakinta sai aka tarar fiƙoƙinta biyu na gefen dama, na sama da na ƙasa, a karye, kuma ya danganta karayar da wani tsohon harbin bindiga. Ke nan wani mutum ne ya harbe ta bai gama da ita ba, ya tafi abinsa, ɗaruruwan bayin Allah suka biya bashin. Na Mohan kuwa, wanda mutanen ƙauye suka ce suna jin yana nishi in yana tafiya da dare, da aka feɗe shi sai ga kibiyoyin beguwa da yawa sun nutse a cikin naman ƙafarsa ta gaba, wurin ya ruɓe. Ta Chowgarh, wadda aka lissafa mata mutum 64, tsufa ya cim mata, haƙora sun lalace, farata sun dakushe. A littafinsa na Rudraprayag ma ya bi wannan hanya, inda ya danganta fitinar damisa mai roɗi da ta kashe mutum 125 tsakanin 1918 da 1926 da annobar mura ta 1918, lokacin da gawarwaki suka yi yawa har aka riƙa jefa su cikin kwazazzabai ba tare da an ƙone su bisa al'adar wurin ba.

Muhimmancin wannan jigo a fagen adabi shi ne ya fitar da dabbar daga sahun dodanni ya mai da ita halitta mai tarihi. Dodon tatsuniya ba a tambayar dalilinsa, mugu ne don an halicce shi mugu, kuma mutuwarsa biki ce. Amma idan mai karatu ya san cewa abin da aka kashe gurgu ne mai ciwo, sai murnarsa ta gauraya da tausayi. Shi kansa marubucin bai ɓoye wannan ba. Ya sami na Mohan yana barci ya harbe shi, ya kuma faɗi cewa abin bai kwanta masa a rai ba. Na Pipal Pani kuwa, wanda ya san shi tun yana ɗan ƙarami, ya kashe shi bisa tsoron kada rauni ya mai da shi mai cin mutane, daga baya ya gane tsoron ba shi da tushe, ya yi nadama. Jarumin da ke ba da labarin inda ya yi kuskure ya fi shiga zuciya bisa wanda kullum harbinsa daidai yake.

Sai dai akwai tufka da warwara. Babin Powalgarh labari ne na wani ƙasurgumin namijin damisa da maharba suka yi shekaru suna nema saboda girmansa kawai. Corbett ya kashe shi a 1930, ya auna tsawonsa, ya yi alfahari. Wannan babi bai zauna daidai da kiran da marubucin ya yi na a tausaya wa dabbar a kare ta daga ƙarewa ba. Ana iya cewa ya bar shi ne don gaskiya, domin haka ya aikata. Amma mai tarke tilas ya nuna cewa mutum biyu ne ke magana a littafin, da mai son dabbar da mai son fatarta, kuma ba ko'ina ne na farkon ya rinjayi na biyun ba.

5.0 Salo

Salon Corbett mai sauƙi ne, babu kwarzanta kai, babu ƙawa mai yawa. Ƙarfinsa yana cikin abin da za mu kira karatun daji. Daga sawu guda yana iya faɗin ko namiji ne ko mace, yaro ko tsoho, da sauri yake tafiya ko a hankali. Daga kukan biri ko na barewa ko na tsuntsu yana gane inda dabbar take da inda ta nufa. Yana lura da inda iska ke kaɗawa, domin a fahimtarsa mai cin mutane yakan ɗauka cewa mutum yana jin ƙanshi kamar sauran namun daji, don haka ta ɓangaren da iska ba za ta tona shi ba yake ɓullowa. Ya kuma bayyana yadda ake rarrabe ɓarnar damisoshin biyu, cewa mai ratsi da rana take kama mutum a fili, mai roɗi kuwa da dare take shiga har cikin gari.

Gwanintarsa ita ce ba ya ajiye wannan ilmi gefe guda kamar darasi a aji. Yana koya wa mai karatu alama a shafi ɗaya, sa'an nan bayan 'yan shafuka ya sa alamar ta bayyana, mai karatu da kansa ya gane haɗarin kafin a faɗa masa. Ta haka ne faɗuwar gaba ke samuwa, ba ta hanyar tara kalmomin firgitarwa ba.

Misali mafi kyau shi ne ƙarshen labarin Chowgarh, cikin Afrilun 1930. Yana tafe cikin wani kwazazzabo sai ya tsinci ƙwan yautai guda biyu, ya riƙe su a hannun hagu don yana tara irin waɗannan abubuwa. Da ya kewaye wani dutse sai ga damisar kwance a kan rairayi, taku kaɗan tsakaninsu, tana kallon sa. Bindiga na hannun dama, bakinta na fuskantar wani gefen. Sai ya shiga juya ta da hannu ɗaya, sannu a hankali yadda motsin ba zai zaburar da ita ba, har bakin ya daidaita. Bayan ya harbe ta, ya yi nazari ya ga cewa ƙwan nan ne suka cece shi, domin da hannunsa biyu na kan bindiga da ya juya da sauri, da kuwa ta yi tsalle. Sa'an nan ya koma ya mai da ƙwan sheƙarsu. Abu ne ƙarami, ƙwai biyu masu saurin fashewa, amma da su ya auna girman haɗarin, da su kuma ya rufe labarin kisa da mai da rai wurinsa.

Haka nan labarin Thak, na ƙarshen masu cin mutane a littafin. Ranar 30 ga Nuwamba 1938, rana na gab da faɗuwa, wa'adin da ya ɗibar wa kansa na gab da cika, sai ya kwaikwayi kiran namijin damisa, ita kuwa tana neman miji, ta riƙa amsawa tana matsowa. Dukan faɗuwar gaban tana rataye ne ga tambaya guda, shin za ta iso kafin haske ya ƙare?

Wani abin lura shi ne wannan Bature ma yana da camfinsa. A babin Kanda ya faɗi cewa ya yi imani ba ya cin nasara a kan mai cin mutane sai ya fara kashe maciji. A wurare da dama kuma yana maganar wani ji a jiki da kan faɗakar da shi cewa haɗari na kusa, ko da bai ga kome ba. Maharbin Hausa da ya ji wannan ba zai yi mamaki ba.

6.0 Raunin Littafin

Babban raunin littafin yana wajen mutanen da aka ce an je ceto. Gaskiya ne Corbett yana ƙaunar su, yana yabon jaruntarsu. Labarin matar nan ta ƙauyen Pali, wadda ta bi damisar Champawat da lauje a hannu don ta ƙwaci 'yar'uwarta, ta kuma rasa magana har wajen shekara guda, sai ranar da aka kawo mata labarin mutuwar dabbar bakinta ya buɗe, yana daga cikin mafi taɓa zuciya a littafin. Haka kuma ya nuna cewa ba shi kaɗai ya yi aikin Champawat ba, jami'in hukuma na yankin ne ya tara maza kusan 300 suka yi kora da ganguna da ihu har dabbar ta fito. Duk da haka, galibin waɗannan mutane ba su da suna a littafin, ba su da murya. Su ne masu kuka, masu ɗaukar kaya, masu godiya. Tunani da yanke shawara na baƙo ne.

Akwai kuma tambayar da littafin bai sa mai karatu ya yi ba, watau me ya sa mutanen da suka gaji zama da daji suka kasa kare kansu? Tarihi ya nuna cewa Dokar Makamai ta 1878 ta ƙuntata wa 'yan ƙasar Indiya mallakar bindiga, alhali Turawa ba ta shafe su haka ba. Dokokin gandun daji kuma sun taƙaita haƙƙin talakawa na kiwo da saran itace, har abin ya kai ga bore a Kumaon cikin 1921, aka cinna wa dazuzzukan gwamnati wuta, aka kuma yi tawaye ga aikin dako na tilas. Masanin tarihi Ramachandra Guha ya yi bayanin wannan a littafinsa The Unquiet Woods na 1989. Wanda ya karanta Corbett kaɗai zai ɗauka cewa abin da ke tsakanin talakan Kumaon da hukuma roƙo ne da godiya.

Wannan zubi na baƙo mai ceto ba sabo ba ne gare mu. A labarin kafuwar Hausa Bakwai, Bayajida baƙo ne da ya iso Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai rana guda a mako, sakamakonsa kuwa ya auri Daurama, zuriyarsa ta yi sarauta. Darasin a bayyane yake, wanda ya kashe abin da ya gagari gari ya sami hujjar mulkin gari. Labarun farauta na zamanin mulkin mallaka sun yi wa daular Ingila irin wannan hidima, ko marubutansu sun nufa ko ba su nufa ba, kamar yadda John MacKenzie ya tattauna a The Empire of Nature na 1988.

Don a yi wa Corbett adalci, ya kamata a gwada shi da wanda ya riga shi. A 1907 J. H. Patterson ya buga The Man-Eaters of Tsavo, labarin zakoki biyu da suka addabi leburorin da ke gina gadar jirgin ƙasa a kogin Tsavo na Kenya cikin 1898. A wurin Patterson zakokin kamar shaiɗanu suke, leburori kuwa taro ne na matsorata. Daga baya ya ce mutum 135 suka ci. Binciken da masana suka yi a 2009 a kan gashi da ƙashin zakokin, waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Field a birnin Shikago, ya kiyasta wajen mutum 35 ne. Wani binciken na 2017 kuma ya nuna ɗayansu yana da mugun ciwo a haƙori, abin da ya yi daidai da ra'ayin da Corbett ya daɗe da faɗi. Corbett kuwa, kafin ya karɓi aikin Champawat sai da ya sa sharaɗin a janye ladan da gwamnati ta sa, don kada a ɗauke shi mafaraucin kuɗi. Tsakanin littattafan biyu akwai tazara mai nisa, ko da yake inuwar mulki guda ce ta rufe su.

7.0 Maharbi a Adabin Hausa

Yanzu sai mu waiwayo gida. Ƙasar Sakkwato ƙasar manyan dazuzzuka ce a da. Dajin Gundumi, wanda Heinrich Barth ya ratsa a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno da Sakkwato, ya yi suna wajen wahalar ƙetarewa. Ga kuma dajin Kuyambana a Zamfara da na Rugu wajen iyakar Katsina. Maharbanmu suna da shugabanci, da sarautu irin su Sarkin Baka, suna da kirari da kiɗa, suna da dafin kibiya da ake haɗawa da kwankwani, suna da dabarar ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya su kusanci nama. Duk wannan ilmi ne na lura, irin wanda Corbett ya yi suna da shi.

Amma idan muka duba abin da aka rubuta, hoton ya sha bamban. Mafi girman tarin labarun gargajiya na Hausa na farkon ƙarni na 20 shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, wanda aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Kaso mai yawa na abin da ke ciki malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta shi da ajami, wani sashe ta hannun Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato. A irin waɗannan tatsuniyoyi zaki sarki ne mai fada, kura wawuya ce mai kwaɗayi, gizo da dila masu wayo ne. Watau mutane ne aka sa wa fatar dabbobi don a yi hannunka mai sanda. A labarun maharba na baka kuwa, abin da ya fi fitowa shi ne asiri, irin su layar zana da baduhu da sagau, da naman da kan rikiɗe ya zama budurwa ya auri maharbi don ya ji sirrinsa. Karon mutum da dabba ya zama karon asiri da asiri.

Ba muna raina wannan ba ne, adabi ne mai zurfi, kuma yana da nasa ma'anar game da alhakin zubar da jini da haɗarin sakin baki. Abin da muke nunawa shi ne cewa ɗayan rabin ilmin maharbi, watau sanin sawu da iska da kukan tsuntsu da halin kowace dabba, bai sami shiga takarda sosai ba. Dalili ɗaya shi ne maharbi yana ɗaukar saninsa sirri ne na gado, ba a faɗa wa bare. Dalili na biyu shi ne rubutu a ƙasar Hausa ya tashi ne a hannun malamai da 'yan boko, farauta kuwa sana'ar mutanen karkara ce. Ko a littattafan da suka fito daga gasar 1933 ta Hukumar Talifi, taurarin su ne mayaƙi kamar na Ganɗoki, da malami kamar na Shaihu Umar, da matafiyi mai dabara kamar na Ruwan Bagaja, da ɓarayi kamar na Idon Matambayi. Ikon Allah na Dokta East da Abubakar Imam ya yi bayanin halittu, amma ta fuskar darasin makaranta.

Gaggawar lamarin kuwa ita ce dajin kansa yana tafiya. Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya kiyasta cewa zakokin da suka rage a dukan Afirka ta Yamma wajen 400 ne, waɗanda suka balaga a cikinsu ba su kai 250 ba. A Nijeriya wurare biyu kawai aka same su, gandun dajin Kainji da na Yankari. Mafi yawansu suna cikin gandayen da suka haɗa iyakokin Benin da Burkina Faso da Nijar. Yaron Sakkwato yana jin ana yi wa sarki kirari da zaki, ana ce wa mai zafin rai damisa ƙi sabo, amma abin da ya haifi waɗannan kalmomi ya ɓace daga ƙasarsa. Dattawan da suka san su ido da ido kuma suna ƙarewa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa darajar Man-Eaters of Kumaon tana cikin abubuwa biyu, da neman dalilin ɓarnar dabba maimakon la'antar ta, da mai da ilmin daji ya zama ƙashin bayan labari. Mun kuma ga cewa rauninsa shi ne ya bar masu ƙasa ba murya, ya yi shiru a kan dokokin da suka ɗaure hannuwansu.

Daga nan muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan Hausa na kwalejojin ilmi da jami'o'i, musamman Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato, su tura ɗalibai wurin tsofaffin maharba, kada a tsaya ga kirari da magunguna kaɗai, a tambaye su yadda suke karanta ƙasa da iska, a rubuta da kalmominsu, a ajiye a wuri irin Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu. Ta biyu, wanda zai juya littafin Corbett zuwa Hausa ya haɗa shi da gabatarwa mai bayyana zamanin da aka rubuta shi, don ɗalibi ya sha romon ya kuma san tukunyar da aka dafa shi. Ta uku, marubutan zube su gane cewa akwai fili a buɗe. Suna da damar da Corbett bai samu ba, domin maharbin da za su rubuta ɗan gari ne, wadda aka kama a bakin rafi ƙanwarsa ce ko maƙwabciyarsa, kuma harshen da zai ba da labarin shi ne harshen da aka yi kukan da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tarar da ita a cikin amya. Allah ya sa mu hanzarta kafin ta ƙare, amin.